Mijinyawa Mai Keke da Agolarsa

Duk wanda ya zauna a Sabon Badun, wato Sabo, unguwar Hausawa ta birnin Badun, a shekarun da suka biyo bayan samun mulkin kai ya san Mijinyawa mai gyaran keke, ko da bai san sunansa ba. Rumfarsa tana bakin titin Mokola, a gindin wani mangwaro da ya rataya wa tsofaffin tayoyi don masu wucewa su gane. Yarbawa suna kiransa Baba Onikeke, wato baba mai keke, tun bai yi furfura ko ɗaya ba. A Sabo aka haife shi, ɗan wani mai ɗaurin goro da ake ce wa Maikuɗi, wanda sunan kawai ya samu. Ya yi allo, ya ɗan taɓa boko, ya tashi da Yarbanci a bakinsa kamar ɗan gari. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ba ya son doguwar magana. In an kawo masa keke, sai ya ɗaga ƙafar baya ya juya feda, ya kasa kunne, sannan ya tambayi mai shi abin da ya kawo shi.

Da ya tashi aure, sai ya tsallake 'yan matan unguwa ya nemi Larai, wata bazawara da ke zaune da uwarta da 'yarta ƙarama. Mijinta na fari Labaran ne, mutumin Funtuwa, mai rako shanu a jirgin ƙasa daga Arewa. Ya sake ta tana goyo, ya hau jirgi, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Larai ta ce wa Mijinyawa ba za ta bar uwarta ita kaɗai ba, ba kuma za ta rabu da 'yarta Ruƙayya ba. Ya ce ya ji. Ya kama ɗaki biyu a wani gidan haya, ɗaya nasu, ɗaya na tsohuwa.

Abokansa suka sa shi gaba da tsiya. Suka ce ya je sayen akuya an haɗa masa da ɗiya da uwar garke. Ya ce, "Ai gyara aka yi mini."

Surukar tasa sunanta Tabawa, amma kowa Iya yake ce mata. Koko da ƙosai take yi, kuma bakinta ya fi man suyarta zafi. Mijinyawa bai taɓa cin abinci a gabanta ba. Da safe yakan tuɓe takalmi ya durƙusa daga nesa ya gaishe ta, ita kuma ta amsa tana kallon bango, ta ce, "Mai Keke, an tashi lafiya?" Iyakar maganarsu ke nan shekara da shekaru.

Ruƙayya kuwa da farko gudunsa take yi. In ya shigo sai ta shige bayan zanen Iya. Bai matsa mata ba. Ya sassaƙa wani ɗan katako, ya lulluɓe shi da tsumma, ya ɗaure a kan sandar kekensa, ya jingine keken a tsakar gida. Da yarinyar ta gaji da zagaya shi, ita da kanta ta ɗaga hannu a ɗora ta. Tun daga ranar ta fara ce masa Baba, shi kuma yana ce mata Uwata, don sunan mahaifiyarsa ke gare ta. Da ta isa shiga makaranta ya kai ta ta boko, Iya tana faɗa tana cewa za a mayar mata da jika Bayarabiya. Da safe boko, da yamma allo a zauren Malam Nata'ala, malamin da mutanen wannan ɓangare na Sabo ke kai wa ƙara in rigima ta fi ƙarfin gida.

Larai ta haifa masa ɗa namiji, Abdurrahim. A haihuwa ta gaba, cikin daminar shekarar da aka yi juyin mulki har sau biyu, ita da jaririn duka suka tafi. Lokacin Sabo ba ta zaune lafiya. Kullum da jita-jitar da za a wayi gari da ita, mutane da yawa suna tura iyalinsu Arewa. Bayan sadakar arba'in, Mika'ilu, wan Mijinyawa, ya same shi a rumfa.

Ya ce, "Abin da ya haɗa ka da mutanen nan ya ƙare. Ka riƙe ɗanka, ka sa tsohuwa da agolar a jirgi su nemi danginsu. Tsintacciyar mage ba ta mage. Ran da mai ita ya zo, kana kallo zai ɗauke."

Mijinyawa ya ci gaba da goga tayar da yake wa faci. Da ya koma gida ya tarar maganar ta riga shi isa. Iya ta ɗaure kayanta a zane, ta kife tukunyar koko, Ruƙayya tana zaune a kan ƙunshin da allonta a cinya.

Ya durƙusa a inda ya saba, amma ranar bai tsaya a gaisuwa ba. Ya ce, "Iya, ina za ku?"

Ta ce, "Inda Allah ya kai mu. Ba a zaman suruki bayan 'ya ta mutu."

Ya ce, "Ni ban kore ku ba. Abdurrahim bai san kowa ba sai ku. In kun tafi da yarinyar nan, kun kwashe gidan ke nan. Ku yi haƙuri ku kwance kayan."

Iya ta juyo ta dube shi, karo na farko ido da ido, ta ce, "To, sai ka gyara mini murhu, ya tsage tun bara." Kafin la'asar ya gyara.

Haka suka zauna har yaƙin basasa ya ɓarke. Motocin soja suka riƙa ratsa Mokola, aiki ya ƙaru a rumfa don man fetur ya yi wuya, kowa ya koma keke. Ruƙayya ta kai shekara goma, tana karanta wa Iya rubutun jikin kwalbar magani, tana yi wa maƙwabta tafinta a asibiti.

Wata ranar Talata da hantsi wani soja dogo mai igiya biyu ya tsaya a bakin rumfa, ba keke a hannunsa. Ya yi sallama ya ce, "Kai ne Mijinyawa? An ce 'yata tana hannunka. Ni ne Labaran."

Mijinyawa ya amsa sallamar. Ya ajiye sifana, ya goge hannu, ya ba shi benci, ya aika a kawo ruwa. Labaran ya ce ya shiga soja tun farkon yaƙi, an sauke su a Badun na ɗan lokaci kafin a wuce da su. Ya ji labarin rasuwar Larai. Yana so ya sa yarinyar a jirgi a kai wa yayarsa a Funtuwa.

Ya ce, "Na gode da ɗawainiya. Amma ba a bar wa bare 'ya mace."

Mijinyawa ya ce, "Kofur, maganar ta fi ƙarfin bakin titi. Mu je gaban Malam."

Unguwa ta ɗauka. Wasu suka ce kada ya ja da mai kaki a irin wannan lokaci. Wasu suka ba shi shawara ya ɓoye yarinyar a Shagamu wajen 'yan goro har sojan ya wuce. Ya ce ba zai yi ba, don ba sato ta ya yi ba. Amma ranar har ya ɗaura wa wani akawu sarƙar keke a baibai, abin da bai taɓa yi ba.

Washegari bayan azahar aka taru a zauren Malam Nata'ala. Dattawa suka zauna a buzu, Iya tana daga bayan ƙofa ta cikin gida. Labaran ya faɗi tasa. Aka juyo ga Mijinyawa.

Ya ce, "Allah gafarta Malam, ni ban haife ta ba. Tun tana shekara uku take gabana. Abin da na sani ke nan."

Malam ya gyara zama ya ce, "Mijinyawa, zan faɗa maka abin da ba za ka so ba. Mijin uwa ba shi da haƙƙin riƙo. Ladanka yana wurin Allah, amma a shari'a ba ka da ta cewa. Labaran shi ne uba, ba mai canza wannan."

Labaran ya fara tattara hularsa. Malam ya ɗaga hannu.

"Ban gama ba. Riƙon 'ya mace na uwa ne. In uwa ta faɗi, sai uwar uwa, har yarinya ta shiga ɗakin miji. Kakarta tana raye?"

Daga bayan ƙofa Iya ta ce, "Ina raye, Malam, kuma da sauran ƙarfina."

"A ina kike zaune?"

"A gidan Mai Keke."

Wasu dattawa suka yi murmushi cikin gemu. Malam ya dubi Labaran ya ce, "Uba yana iya ɗauke ɗansa daga hannun mai riƙo in zai ƙaura zuwa gari mai nisa ya zauna can. Kai Funtuwa za ka ka zauna?"

Labaran ya ce, "Bakin daga za ni."

"To, yarinya tana hannun kakarta. Kai kuma duk lokacin da ka so ganinta, ƙofa a buɗe take, ba mai hana ka. Mijinyawa, ka ji?"

Ya ce, "Na ji, na kuma yarda."

Aka watse, kowa ya kama hanyar gida.

Labaran ya ce zai zo ranar Juma'a. Iya ta yi wa Ruƙayya kitso, aka sa mata atamfar salla, ta zauna a zaure tun da aka sauko daga masallaci har aka kira magariba. Bai zo ba. Juma'a ta gaba ma haka. Sai wata Laraba ya faɗo ba sanarwa, yarinyar tana wanke-wanke. Suka zauna a zaure, shi yana kallon ƙasa, ita tana kallon takalminsa. Ya tambaye ta ajinsu, ta faɗa. Da zai tafi ya ciro wani ɗan madubi mai murfin ƙarfe ya ba ta. Bayan kwana kaɗan aka wuce da su.

Madubin nan ya tsaya wa Mijinyawa a rai. Yarinyar tana kwana da shi a ƙarƙashin matashi, tana nuna wa ƙawaye tana cewa babanta soja ne ya ba ta. Shi da ya yi shekaru yana saya mata takalmi da littafi bai taɓa jin ta yi alfahari da su haka ba. Ya san kishi ne, ya kuma ji kunyar kansa. Ran da murfin ya ɓalle ta kawo masa tana hawaye, ya zauna ya ƙera masa sabon maƙali da guntun waya.

Shekara ta zagayo. Wani direban motar goro ya kawo labari cewa ya ga Labaran a asibitin da ake kwantar da sojoji a nan Badun, an yanke masa ƙafar hagu daga gwiwa. Iya ta ce Allah ya ba shi lafiya, amma jikarta ba ta zuwa ko'ina, wanda ya bar yarinya zaune a zaure da kwalliya bai cancanci a bi shi ba. Mika'ilu ma ya zo da tasa. Ya ce, "Ka dai ji abin da Malam ya faɗa. Yanzu ba bakin daga za shi ba, gida za shi ya zauna. In ka kai masa ita, ka tuna masa ke nan. Ka bar kaza cikin gashinta."

Mijinyawa ya san gaskiya wansa ya faɗa. Ya kwana biyu yana juya abin. Ruƙayya ba ta tambaya ba, amma ya lura ta daina cin abinci sosai. Ranar Juma'a da aka sauko ya ce, "Uwata, ɗauko mayafinki." Ya ɗora ta a kariyar bayan keke, ta riƙe kwanon tuwo da miyar kuka da Iya ta zuba tana mita.

Sun sami Labaran a wani dogon ɗaki mai warin magani, ya rame har ƙasusuwan fuskarsa sun fito. Da ya gan su ya juya fuska ga bango. Mijinyawa ya gaishe shi, ya ajiye kwanon, ya fita baranda ya bar su. Daga nan yake jiyo muryar yarinyar tana magana da wata nas da Yarbanci. Ashe kwana da kwanaki Labaran yana fama da ciwo a dungulmin, yana faɗa ba a gane shi sosai, shi kuma zuciya ta hana shi naci. Ruƙayya ta tsaya ta yi bayani tiryan-tiryan har aka kira likita, aka kwance ɗaurin aka ga wurin ya fara ruwa.

Daga ranar, kowace Juma'a suna hanya. In ruwa ake yi, ya lulluɓe ta da buhu. Labaran ya fara sakin jiki. Yana ba ta labarin shanu, yadda ake kwana da su a tarago, yadda ake tayar da wadda ta kwanta don kada 'yan'uwanta su tattake ta. Wata rana ya ce a kira Mijinyawa daga baranda. Ya ce, "Malam, zauna mana. Kullum kana tsaye a waje kamar ɗan dako." Suka ci tuwon tare.

Ana gab da gama yaƙi aka sallame shi. Ƙanensa Babandi ya zo daga Funtuwa don ya tafi da shi, kuma bai ɓoye ba, ya ce da yarinyar za su tafi. Ya riga ya yi tambaya, ya san hukuncin. Aka sake taruwa a zauren Malam Nata'ala. Wannan karon ma Iya tana bayan ƙofa. Mijinyawa ya zauna a gefe, ya riga ya saya wa Ruƙayya akwatin ƙarfe ya ɓoye a rumfa, don kada ta tafi da kaya a ƙunshi.

Babandi ya yi magana mai tsawo. Malam ya ce, "Gaskiyarka. In uba zai koma garinsa ya zauna, kuma hanya da aminci, yana da ikon tafiya da 'yarsa. Labaran, kai muke saurare."

Labaran ya jawo sandunansa ya dogara, ya miƙe tsaye, ko da yake an ce ya zauna.

Ya ce, "Allah gafarta Malam, ina da iko, na ji. Na bar yarinyar nan tana goyo. Da na dawo na sa ta jira ni a zaure ban zo ba. Mutumin nan ya san in ya kawo mini ita asibiti zan iya raba shi da ita, ya kawo ta. Ni ban san abin da zan ba ta a Funtuwa da ya fi abin da take da shi a nan ba. Ta zauna wurin kakarta, ta yi karatunta. Kuma ku shaida, na wakilta Mijinyawa a kan duk al'amarinta. Ran da miji ya zo, shi zai bayar da ita da yawuna. Abu ɗaya nake roƙo, in an yi hutu a riƙa kawo mini ita in gani."

Babandi ya fara magana, Labaran ya ce, "'Yarka ce ko tawa?"

Malam ya tambayi Mijinyawa ko ya karɓa. Mijinyawa ya gyaɗa kai kawai. Malam ya ce shari'a ba ta jin gyaɗa kai. Aka yi dariya, Mijinyawa ya ce, "Na karɓa." Aka shafa fatiha. A cikin gida Iya ta rangaɗa guɗa, ita da ta ce ta bar guɗa tun rasuwar 'yarta.

Kafin su tafi Mijinyawa ya rufe rumfa ya shiga haɗa wani abu da ƙafafun tsofaffin kekuna uku, da kujerar katako, da feda da ya ɗauke ya mayar sama inda hannu zai kai. Ya kai wa wani Bayarabe mai walda a Mokola ya ƙone masa mahaɗan. Ran da aka gwada, Labaran ya hau ya juya da hannu, ya gangara layin masallaci yara suna binsa a guje, ya kasa tsayawa sai da ya shiga cikin tallan lemu. Aka ƙara masa birki. Da keken aka sa shi a jirgi.

Akwatin ƙarfen bai yi asara ba. Ruƙayya ta ci jarrabawar shiga sakandare, da shi ta tafi makarantar kwana. Daga baya ta yi karatun unguwarzoma, kuma yawancin 'ya'yan da aka haifa a layinsu a shekarun da suka biyo baya ta hannunta suka fito. Mijinyawa ya sake aure, ya ƙara 'ya'ya, Iya kuma a gidansa ta cika, sabuwar matar ce ta yi jinyarta.

Amma abin da shi ya fi son bayarwa labari in an zauna a rumfa shi ne hutun farko bayan yaƙi, da ya cika alkawari ya kai yarinyar Funtuwa da kansa. Bahaushe ne ɗan Bahaushe, amma bai taɓa wuce Ilori ba. Ya ga gadar Jabba, ya ga daji ya buɗe, itatuwa sun ja baya, gonakin dawa sun miƙe har iyakar gani. A Zariya suka canza jirgi. Da suka sauka, Labaran yana bakin tasha a kan kekensa, ya kafa teburin goro da alewa a gabansa, ya yi ƙiba.

Aka sauke su a gidan yayar Labaran, aka yanka musu zakara. Mata suka kewaye Ruƙayya suna taɓa kitsonta. Maza kuma suka kewaye Mijinyawa suna sa shi magana don su ji Hausarsa ta Badun, in ya jefa kalmar Yarbanci su kwashe da dariya. Wani tsoho ya tambayi Labaran, wannan baƙon wane ne?

Labaran ya ce, "Ɗan'uwana ne daga Kurmi. Ku ba shi fura mai kyau, bai taɓa shan ta gaske ba."

Mijinyawa ya sha ya ce lallai an daɗe ana cutarsu a Sabo. Ya yi niyyar kwana biyu ya juya, sai da ya yi mako, don duk mai keke a unguwar ya ji labari ya turo nasa a gyara masa.